Hilux Ɗina Ta Koyi Guɗa

Tunda na sa wa Hilux ɗina manyan tayoyi ta zama raguwa, ko ɗan hawa ta hango sai ta kama nishi. Kanikena ya ce maganin yana cikin difarenshal: a cire kurawun wil mai haƙora 41 da finiyan mai 10, a sa mai 39 da mai 8, lissafi ya tashi daga 4.10 ya koma 4.88. Ƙarfi kuwa ya dawo, ba ƙarya. Amma da baƙuwa ya dawo.

Ina taka totur sai guɗa ta tashi daga baya, siririya, mai tsawo. A hanyar Dawanau wani mai Keke Napep ya jera da ni, ya leƙa bodi ya ga buhunan masara, ya ce, "Alhaji, ina amaryar?"

Na koma gareji. "Alhaji, sabon ƙarfe ne, bai saba da gida ba tukuna." Aka sauya boris. Guɗar ta yi hijira, yanzu sai na ɗaga ƙafa take zuwa. Ana cikin haka man giya ya fara ɗiga ta wuyan finiyan, da warin nan nasa na ruɓaɓɓen ƙwai. Hajiya ta yanke hukunci: ko motar ta kwana a waje, ko mu kwana tare da ita. Ashe taɓon damina ne ya toshe 'yar kafar da aksul ke shaƙar iska, mai ya yi zafi ya nemi hanya ta sil.

Ƙarshe dai wani dattijon kanike ya kwance ta, ya shafa wa haƙoran fenti ruwan ɗorawa, ya juya, ya daɗe yana kallo. Ya ce tazarar haƙoran ba ta wuce milimita 0.13 zuwa 0.18, da agogon awo ake saita ta. "Shi yaron da me ya auna?"

Na kira shi na tambaya. Ya ce, "Da kunne mana, Alhaji."

Dattijo ya gyara saiti, ɗigar mai ta tsaya, amma ya ce haƙoran sun riga sun ci juna a karkace, guɗa sai dai haƙuri. Ya kuma hana ni sa giyar taya huɗu, domin na gaba yana nan a 4.10.

Kanikena ya samu labari, ya aiko wai in kawo ranar Asabar ya yi mini na gaban da rangwame. Yanzu ta bayan layi nake bi zuwa masallaci.