Mage Ce Ta Ci

Tambayi Bahaushe ko yana ajiye dabba don so kawai, zai dube ka sheƙeƙe. A wurinsa akuya asusu ce, kaza kuɗin cefane, mage ma'aikaciyar kama ɓera, kare kuwa maigadi ne da ba a biyansa albashi. Shafa dabba da yi mata hira, wannan sai Turawa. Haka muke faɗa wata goma sha ɗaya. Bari Zulhajji ya kama, raguna su cika lungu, 'yan uwa na nesa su sauka a gidan gado da akwatuna da 'ya'ya, ka ga yadda maganar ke warwarewa. Na yi Babbar Sallah sama da talatin a gida ɗaya cikin birnin Kano, kuma dabbobin gidan ba su taɓa ba ni mamaki ba. Masu su dai, sai addu'a.

A fara daga ƙofar gida, tunda can Alhaji yake so a fara. Tsakar gidansa za ta ɗauki shanu biyar, amma a waje ake kafa turke, daidai inda masu dawowa daga masallaci za su yi tuntuɓe da igiya. Ragon Balami ne, fari tas, kunnuwa har wuya, tsayinsa ya kusa na maraƙi. Da la'asar sai a fito wa Alhaji da kujera da rediyo, wai iska yake sha. Ka ce, "Alhaji, wannan ai sa ne," ya kawar da kai ya ce, "Haba, ɗan abin da ya sawwaƙa ne, saboda yara." Kuɗin ragon ba ya fita daga bakinsa. Wannan aikin direba ne, shi kuma direba duk wanda ya tambaya sai ya ɗora wani abu a kan abin da ya gaya wa na baya, har ranar jajibere ragon ya kai kuɗin fili.

Maƙwabcinsa kuwa ɗan Yankasa ya saya, mai baƙi-baƙi a ido da baki, ya shigo da shi bayan isha'i a cikin Adaidaita Sahu. Tun daga ranar ya zama mai wa'azi: ai sharaɗi dai rago ya shekara, ba gurgu ba, ba mai ido ɗaya ba, ba mara lafiya ba, ba ramamme ba, sauran kuma niyya ce. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ba wanda ya tambaye shi, kuma duk lokacin da yake faɗa idonsa na kan Balamin.

Tsakanin gidajen biyu ne masanin rago ke sintiri. Kowace unguwa tana da nata. Bai taɓa sayen ko tunkiya ba, amma da ya ga rago sai ya naɗe hannun riga, ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora, ya matsa gadon baya, ya taɓa gindin wutsiya, ya ja da baya yana girgiza kai. "Nawa suka ba ka?" Ko nawa ka faɗa, amsar ɗaya ce: "An cuce ka. Da ka yi mini magana." Ya san Maigatari ranar Alhamis take ci, Wudil Juma'a, Mai'aduwa Lahadi, kuma a kowacce yana da wani yaronsa dillali da ba a taɓa gani ba. Ya san Uda da rabin jikinsa na gaba mai duhu, na baya fari, kamar an tsoma shi a marina an fasa. Da Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Sallar 2025, sai ya samu sabon babi, ya koma masanin siyasar kan iyaka. Ranar yanka za ka same shi cikin farar babbar riga, nesa da jini, yana ba da umarni: "Ku danne ƙafar baya!" Kafin a gama fiɗa ya yi sallama da ƙunshi a ƙarƙashin riga.

Shi wannan abin dariya ne. Yaron gida kuwa, dariyarsa da ɗan ɗaci. Kwana goma kacal rago ya yi, amma yaro ɗan shekara bakwai ya raɗa masa suna, ya yi masa wanka da sabulun uwarsa, ya ɗaura masa tsumma ja a wuya. Shi ke kai harawa, shi ke dama dusa da kanwa, har tuwonsa yake ragewa. Da manya sun shiga barcin rana sai ya kwance shi a ɓoye ya kai shi bayan layi a yi karo da ragon su wane, ya dawo yana ba da labari kamar shi ya yi tunkuyin. An gaya masa tun farko abin da za a yi da ragon, ya kuma ce ya ji. Ranar 10 ga wata, an sauko daga idi, an tabbatar liman ya yanka nasa, aka ɗauko wuƙa, sai ga yaro ya rungume wuyan rago da sabuwar shaddarsa yana ihu: "Baba, a yanka na su Kawu!" Aka ɓamɓare shi da ƙyar. Ya shige ɗaki ya rantse ba zai ci ba, ba zai kuma sake yi wa kowa magana ba har abada. Har abadan ta kai azahar. Da ƙamshin hanta ya zagaya, sai aka ga hannu ya fito daga bayan labule da ɗan kwano. Yana ci yana sheshsheƙa, yana cewa a ƙara masa yaji.

Manya suka yi ta dariya suna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ita ce Inna, kakarmu, domin ciwon nata ya fi nasa tsufa. Inna 'yar kiwon turke ce. Bayan kowace Sallah takan sayi ɗan rago da kuɗin adashi, ta shekara tana ba shi ƙanzo da ruwan tsari da kowar wake, tana yi masa faɗa kamar ɗa: "Kai dai ba ka da godiya." Idan lokacin sayarwa ya zo, mai saye ne ke shan tambayoyi, kamar ya zo neman aure. Daga wace unguwa? Akwai inuwa a gidan? In aka yi ciniki aka ja ragon, sai ta shiga ɗaki ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba. Shekarar da 'ya'yanta suka saye ragon nata don layyar gida, ko romonsa ba ta taɓa ba. Ta aika maƙwabta aka musanya mata da nasu. A ranar ita ce ta kira yaron, ta ce, "Zo nan, maigidana, rabu da su, ba su san komai ba." Wannan Innar ce fa mai cewa son dabba aikin Turawa ne.

Yanzu mu zo kan wadda aka fi zalunta. A gidaje da yawa ranar farko kayan ciki ake ci, a rataye gangar jikin ta kwana ta tsane, washegari a yanyanka a hau suya. Daga wannan daren har soye ya ƙare, duk abin da ya ɓace a gidan, mage ce. Ban ce ba ta sata ba. Na taɓa ganinta da idona tana jan hanji ta kan katanga, tana tafiya kamar amarya da jan mayafi. Amma a yi lissafi. Uwargida ta zuba soye a kwalla, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado, ta sa wa ɗaki kwaɗo, ta ƙulle makulli a haɓar zani. Da safe nama ya sauka da taƙi guda, murfi a rufe yadda aka bar shi, kwaɗo a kulle. Aka tara yara. Babban saurayin gida, leɓensa na ƙyalli kamar ya shafa man kaɗanya, ya ce, "Wallahi Umma, jiya na ga magen nan tana zagaye." Wace irin mage ce ke zaɓar tsoka ta bar kitse, ta mayar da murfi, har ta ɗebi yaji a ƙullin leda?

Masu ɗora wa mage laifi ba samari kaɗai ba ne. Akwai maigidan da ke tashi tsakar dare wai ya ji motsi. Akwai amaryar da ta aika wa gidansu cinya ba da sanin uwargida ba. Akwai ita kanta uwargidar, da ke ɗanɗana gishiri sau ashirin. Kowa ya san kowa, kuma kowa na bukatar magen, don in ba ita sai a fara kallon juna, Sallah kuwa ba a son rigima. Da za a yi adalci, kason farko na layya ita ya kamata a ba, ladan rufin asiri.

Tana da lauya guda, Gwaggo, wadda da an ɗaga muciya za ta taso da tarihin Abu Huraira, sahabin da ya samu laƙabinsa saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka, ta bi da hadisin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. A bakin Gwaggo magen nan kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Tana kuma da abokiyar gaba, matar Kawu, wadda ta yi imani duk magen da ta dube ka da dare ba mage ba ce. In ta gan ta sai ta ja a'uziyya ta tattare 'ya'yanta. Su biyun sun shekara ashirin suna wannan shari'a, wadda ake ƙara kuwa tana kwance a kan buhun gawayi tana lasar hannu.

Bara sai aka samu sabon shiga. Ɗan Gwaggo da ke aiki a Abuja ya iso da iyali, aka buɗe bayan mota, sai ga kare ya diro, irin wanda muke kira karen 'yan sanda. Wai ba wanda zai bar wa shi. Karen yana da katin asibiti, an yi masa allurar ciwon hauka, yana da kwanonsa da abincinsa na buhu, da suna na Turanci wanda Inna ta gwada sau biyu ta haƙura ta koma ce masa "wancan". Ta kafa doka ɗaya: "Ni dai kada ya taɓa mini buta." Nan take malamin gida ya samu aiki. Kowane gida yana da shi, wanda ya yi Ishmawi da Iziyya ya tsaya, amma fatawa ba ta ƙare masa. Ya bayyana cewa in kare ya yi lallagi a ƙwarya sai a wanke ta sau 7, ya kawo saɓanin malamai, ya kawo hukuncin karen gadi da na farauta, duk yana tsaye a kan turmi don karen ya matso.

Mai karen ya gargaɗi kowa: kada a ba shi ƙashi, cikinsa bai saba ba. Karen dai jinin kakanninsa bai manta ba. An ce da kare ana biki a gidanku, ya ce mu gani a ƙasa, shi kuwa wannan ya gani. Ranar hawan Daushe, gida ya watse kallon dawakai, aka dawo aka tarar da shi a bayan murhu da ƙafar rago da aka babbake, ya riƙe ta da hannu biyu kamar ɗan unguwa. Abincin buhun, kaji suka ƙarasa shi. Ko a nan sai da wani ya ce mage ce ta jawo masa ƙafar.

Mai kiwon tantabara a gidan ba ya cikin duk wannan. Yana kan soro tun asuba, yana fito, yana ƙirga 'yan shila, yana ƙorafin hayaƙin babbaka. Tsoronsa ɗaya a duniya: baƙo ya ce nama ya gundure shi, wata gwaggo ta ɗaga kai sama ta ce, "Af, ga abin marmari."

Saura Kawu da akunsa. Tsuntsu ne mai ruwan toka da jar wutsiya, irin na dazuzzukan Kamaru da Kwango, wanda tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a daina cinikin na daji a tsakaninsu. Namu ya riga dokar zuwa da shekaru, ya ma girmi rabin yaran gidan. Kawu irin mutanen nan ne da ba a gama gaisawa da su sai sun kai ka gaban keji. "Gaishe da baƙo. Ce barka da Sallah." Aku ya juya ƙeya ya yi gum. Kawu ya ce, "Wallahi ɗazu ya faɗa." Shekara da shekaru yana koya masa sallama da salati, amma abin da akun ya ga dama shi yake ɗauka: tarin Inna, ƙarar ƙofar banɗaki, da muryar uwargida tana cewa "Wa ya taɓa kwallar nan?"

Bara kejin nasa a zaure aka rataye shi, kusa da turken da Kawu ya ɗaure ragonsa, wanda ya karɓo a hannun dillali da alkawarin cikon kuɗi bayan Sallah. Kwana goma suna tare. Aka yi yanka, aka yi suya, kwanakin layya uku suka wuce. Daren na huɗu, gida ya yi tsit, sai kukan rago ya tashi daga zaure, sak muryar marigayin. Matar Kawu ta farka da salati tana cewa dama ta faɗa, gidan nan ba lafiya ba. Yaro ya fito a guje ba wando yana kiran sunan ragonsa. Malamin gida ya ce a kawo garwashi da habbatussauda, amma daga cikin ɗaki yake ba da umarnin, ya sa sakata.

Da safe dillali ya zo karɓar cikonsa. Kawu ya fito yana lissafa masa hidimar Sallah da tsadar gawayi, yana roƙon a ƙara masa mako biyu. Suna cikin haka kukan ya sake tashi daga zaure. Dillali ya kasa kunne, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, Alhaji, ashe ba ku yanka ba. Ba sai mun wahalar da juna ba. A fito mini da abina."