Shagon Waƙa a Intanet? Mutanen Gummi Sun Ce a Kai Kasuwa

To, 'yan gardamar Anka da Gummi da Bukkuyum, ku gyara zama, yau na zo da hajar da na san ba za ku taya ba. Shagon sayar da waƙoƙi ne, amma a intanet yake. Ba kuɗin haya, ba man janareta, ba mai karɓar haraji. Ka biya kuɗin rajista a buɗe maka, ka jawo mutum biyar su buɗe nasu a ƙarƙashinka, kamasho ya riƙa shigowa kana kishingiɗe. Ga Baba can kan benci ya karkata hula: "Wai mi aka saisuwa ciki?" Waƙa, Baba. "Wa ka saye?" To, nan fa ɗaya.

Kada ku ce ƙaga labarin na yi. An yi shi a Amurka, sunan kamfanin BurnLounge. Ana biyan daga dala 29.95 har zuwa dala 429.95 a shekara don a mallaki shago, kuma sama da mutum 56,000 suka faɗa. A 2007 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar, FTC, ta maka kamfanin a kotu. A 2012 alƙali ya yanke cewa damfara ce, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2014. Abin da aka gano shi ne abin da Baba ya tambaya: ladar ba daga cinikin waƙa take fitowa ba, daga aljihun sababbin shiga take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu neman kamashon ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba.

Na ji kun ce "ai mun faɗa". Ku dakata, malamai, kada ku yi saurin naɗa wa kanku rawanin hikima. Ba zurfin lissafi ya tsare ku ba. Tsakani da Allah, yaushe rabonku da sayen waƙa? Ranar kasuwa kuke zuwa rumfar mai tura waƙa, yana zaune da tsohuwar kwamfuta wadda aka ɗaure murfinta da salatif, cajojin mutane sun yi masa rassa ta ko'ina. Ka zaro memori daga cikin 'yar takardar da ka naɗe shi, ka ce, "Cika min. Sa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru saboda tsoho, sa Hamisu Breaker da Umar M. Shareef saboda yara." Sai ka rage murya ka ce a jera wa'azi a sama, don kada suruki ya ɗauki wayar. Ka ba shi kuɗin da bai wuce na shayi da burodi ba, ka ma nemi ragi. Kafin magariba Xender ta raba wa duk majalisa kyauta.

A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, kira ya tsaya, tura kuɗi ya tsaya, amma kalangu bai daina tashi daga aljihun 'yan acaɓa ba. Da shagon nan na intanet kuka dogara da shi, da ko mai shi bai iya leƙa ƙofarsa ba.

Shi kansa mawaƙin ya san ku, shi ya sa bai jira cinikinku. Makaɗan fada doki da riga suke samu a hannun sarakuna, na yau kuma biki da liƙi da 'yan siyasa ke riƙe da su. To inda ba mai sayen waƙa, me za a sayar in ba rajista ba? Ku ƙirga da ni: biyar su kawo 25, su kuma 125. A hawa na goma ana neman mutum sama da miliyan tara, alhali duk Zamfara, har jarirai da masu haƙar zinare a Bagega, ba ta kai haka ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ke sa ni dariya. A cire kalmar waƙa, a ce riba ce a dala, sai in ga hular Baba ta miƙe tsaye. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, ta rufe asusun 'yan Najeriya a Disambar 2016. CBEX ta kife da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Ban ce kun shiga ba, wane ni. Na dai lura duk lokacin da aka ambaci sunayen nan a majalisa, Alhaji mai yawan cewa "ni ba a cuta ta" sai ya tuna bai yi alwala ba. Ranka ya daɗe, Sergei Mavrodi mai MMM ya mutu tun watan Maris na 2018, a daina duba waya haka nan.