Kalkuletar Bara

Mu mutanen Janfalan ba ma tunawa da kalkuleta sai jarrabawar WAEC ta ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara uku yaro na karatun fiziks, ba wanda ya tambaye shi da me yake lissafi. Ana gobe jarrabawa, sai ka ga uwa ta yafa mayafi bayan magariba tana bi gida-gida: "Don Allah, Yaya, ina ta yaron nan naki ta bara?" Ta baran kuwa tana ƙasan adaka, batir ya mutu, lamba bakwai ba ta dannuwa.

Dokar ba wani tsauri gare ta ba. WAEC ta yarda da kalkuleta, amma wadda ba a ɗura mata bayani ta ajiye, kuma marar ƙara. Wayar hannu kuwa, ko a kashe take, kada ta ƙetare ƙofar aji. JAMB ma, tun da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ba a shiga mata da kalkuleta, tata na nan a jikin allo. Amma mu, sai kawu ya dawo daga Sabon Garin Zariya da wata dirkekiya mai tsada, wai ɗanmu ba zai shiga da ta yara ba. Mai sa ido ya karɓe ta tun a bakin ƙofa, kawu ya kwana yana cewa hassada ce.

Mu da lissafi ke jininmu! Dillalin rake a kasuwar Makarfi zai buga maka kuɗin mota guda, ya cire la'adarsa, kafin ka laluba aljihu. Ɗansa kuma an sauƙaƙa masa, takarda ta ce a ɗauki g, wato ƙarfin jan ƙasa, a matsayin 10, amma sai ya danna biyar sau goma.

Dattawa a bakin masallaci sai bugun ƙirji, su da teburin logaridim suka yi tasu. Sakamakon ne dai ba wanda suka taɓa nuna wa.

Malaman fiziks su abin da ke ci musu rai daban ne: kalkuletar aro. Mai ita ya bar ta a kan ma'aunin radiyan, ba digiri ba, yaro bai taɓa riƙe ta ba sai yau. Ya nemi sin 30, maimakon 0.5 ta ba shi -0.988, ya kwafe tsaf, har da jan layi biyu a ƙasa. Ya fito kuma ya ce wa uwarsa, "Inna, ai ruwa ce."