Bokan Amurka Mai Cin Wutar Lantarki

Amurkawa sun ce ba ruwansu da boka. Amma duk watan Maris, in za a tantance ƙungiyoyin jami'o'i 68 da za su fafata a gasar ƙwallon kwando ta NCAA, sai ka ga manya sun kewaye kwamfuta suna jiran ta buga musu ƙasa.

Daga 1981 zuwa 2018 ma'aunin RPI ne ke jan zarensa. Ji lissafinsa, don Allah: nasarorinka kashi 25 cikin ɗari, na abokan karawarka kashi 50, ragowar 25 kuma na waɗanda su ma suka kara da su. Kai ka yi gumi a fili, amma darajarka tana hannun wasu da ko gaisawa ba ku taɓa yi ba. Ko da maki ɗaya ka ci ko da arba'in, duk kanwar ja ce a wurinsa. Da aka gaji aka sallame shi, aka ɗauko ma'aunin NET.

Sai ga 2023. Purdue, da zanƙalelen ɗan wasanta Zach Edey mai tsawon mita 2.24, ta gamu da Fairleigh Dickinson, ƙungiyar da ta fi kowace gajerun 'yan wasa a babban rukunin jami'o'in. Lissafi ya gama yanke hukunci tun kafin a busa usur. Gajerun, da alama ba su karanta ba, suka ci 63 da 58.

A yi wa bokan adalci dai. Tun 1985, sau biyu kacal ƙungiyar da aka jera ta 16 ta doke wadda aka jera ta ɗaya a gasar maza, kamar yadda Fairleigh Dickinson ta yi wa Purdue. Ɗayan shi ne dukan da UMBC ta yi wa Virginia a 2018, 74 da 54.