Gizo Mai Awon Rai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Gizo ne dai, da shi da matarsa Ƙoƙi, suna zaune a wani ƙauye tsakanin Taura da Gujungu, gab da fadamar kogin Haɗeja. Ambaliyar 2022 ta cinye musu gona, ta rushe rumbu, ta bar su daga tukunya sai murhu. Maƙwabta suka sake ɗamara suka koma noman rani. Gizo ya ce shi bayansa ba ya son sunkuyo.

A bayan gidansa akwai burtali. Tsohon burtali ne, tun kaka da kakanni shanu ke bi ta nan su gangara ruwa. Ba na kowa ba ne, shi ya sa Gizo ya ga ya dace ya zama nasa. Ranar Laraba ya sami wani manomi ya ce, "Ga filina can na gado, ƙasa baƙa wuluk, takin shekara ɗari. In ka zuba shinkafa sai ka gaji da yanka." A kan takin dai bai yi ƙarya ba. Manomi ya ba shi buhun gero biyu. Ranar Alhamis ya nufi ruga ya ce wa Arɗo, "Hanyar nan taku ana shirin toshe ta, amma ni ina da baki wurin manya. A kawo ɗan abin goro." Aka ba shi ƙwaryar man shanu da ɗan akuya.

Ƙoƙi ta ga kaya na shigowa. Ta ce, "Maigida, me ka sayar?"

Ya ce, "Ba komai."

Ta ce, "To ba koman nan, mutum nawa ka sayar wa?"

Ya ce ta ji da tukunyarta.

Damina ta wuce. Shinkafa ta nuna. Shanu suka dawo ta hanyar da suka sani. Wani maraƙi ya sha gaban garke, ya tarar da hanyar uwarsa ta zama kore shar, kuma maraƙi bai san iyakar gona ba. Ya sa baki. Ɗan manomi ya fito da adda. Yaron da ke kiwo ya ɗaga sanda. Kafin la'asar gawa biyu na kwance a bakin burtali, ta maraƙi da ta saurayi.

Gari ya ɗauki zafi. A cikin gari ana cewa, "A kan dabba za a kashe mutum?" A ruga ana cewa, "Da wa ya fara zub da jini?" Saniya uwar maraƙi ta ji kalmar nan ta "dabba kawai" ta tsaya mata a maƙogwaro. Ta kai ƙara wurin Zaki. Tsohuwa uwar saurayi ta ji an kai ƙara, ita ma ta yafa mayafi ta bi baya.

Shi kuwa Zaki, sarautar ce kawai ta rage masa. Dawa ya ƙare, gatari da garma sun cinye shi. Fadar tasa tsamiya uku ce da kuka ɗaya. Rabon da a ji gurnanin zaki a wannan yanki, ko tsofaffi sai sun yi dogon tunani. Don haka da ya ga ƙara ta zo har da mutane a ciki, sai ya gyara zama, ya sa aka share gindin tsamiya.

Ya ce, "Magana ɗaya ce. Ran mutum da ran dabba, wanne ya fi nauyi? In mun san wannan mun san wanda ke bin wani bashi."

Kura ta yi wuf ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin a fara, a ba ni gawarwakin in adana. Shaida ce, kada ta lalace." Aka ce mata saurayi an riga an yi masa sutura. Ta yi tsaki, ta ja maraƙi ta tafi da shi bayan kuka.

Aka kira Dila malamin daji. Ya yi gyaran murya ya ce abin da ya ji a bakin malamai, lokacin da yake laɓe bayan tsangaya yana dakon kaji, shi ne diyyar mutum raƙuma ɗari ce, ko dinari dubu na zinariya. Raƙumi ya yi gunji, ya ce wato shi da 'yan'uwansa casa'in da tara ne mutum ɗaya, ko da mutumin rago ne? Dila ya ce a bari ya ƙarasa. Ya ce malaman nan dai su ne ya ji suna ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba, da kuma wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Kyanwa ta lumshe ido. Kare ya kaɗa wutsiya.

Zaki ya ce, "Malam, amsa ɗaya na nema, ka ba ni biyu."

Sai ga Gizo, ya saɓo wani tsohon sikeli mai faranti biyu. A kasuwar Gujungu ya samo shi ranar Lahadi, wurin 'yan gwangwan, da fatar ɗan akuyan nan ya yi musaya. Ya faɗi ya yi gaisuwa da tsamin bakin nan nasa: "Yanka ya daɗe, yai ba a gane shi da baki, shai an auna." Ya rataye sikeli a reshen tsamiya. Farantin dama na mutane, na hagu na dabbobi. Duk mai shaida zai faɗi maganarsa a kan farantinsu, a ga yadda za ta rinjaya. Sai dai sikeli ba ya aiki da yunwa, akwai 'yar la'ada.

Jaki ya fara, ya biya damin harawa. Ya ce shi ya ɗauki taki, ya ɗauki yashi, ya ɗauki ruwa, ya ɗauki mai jego zuwa gida, ladansa sanda. Ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarsa sai da fatarsa ta yi kuɗi. Aka riƙa kwasar danginsa daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ana feɗe su, ana kai fatun ƙasar Sin a dafa a yi magani. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. Shugabannin Afirka suka zauna a Addis Ababa a watan Fabrairun 2024 suka hana yanka jaki don fatarsa. "Kun ji," in ji Jaki, "sai da muka kusa ƙarewa aka yi taro a kanmu. Taron ma ba a gayyace ni ba." Farantin hagu ya yi ƙasa. Dabbobi suka yi shewa.

Aka kira Ungulu. Shiru. Aka sake kira. Dila ya ce a da ba mahautar da za ka je ba ka gan ta tana sintiri ba, tana kwashe abin da kowa ke ƙyama, ba albashi. Yanzu kanta ake saye a kai wa boka. Gizo ya ce shirun ma shaida ne, kuma shiru na biyan la'ada. Aka yi karo-karo aka biya mata.

Jan-baki suka sauko kamar hadari, suka ce su da jirgin sama ake bin su har makwanci ana yi musu feshi a kwarin Haɗeja. Manomi ya miƙe ya ce su faɗi gaskiya, gona nawa suke sharewa tsakanin hantsi da azahar? Jan-baki suka ce su ba su iya lissafi ba.

Can sai ga Sauro. Ya ce shi ma dabba ne, a rubuta shi. Wuri ya yi tsit, don kowa ya san yaran da zazzaɓi ke ɗauka duk damina, kuma ya san mai kawo shi. Saniya ta ce ita ba ta san shi ba. Kura ma, Kura fa, ta ce ba danginta ba ne. Gizo ya karɓi la'adarsa, ya ce ya matso kusa da sikeli a ji shi sosai. Ya matso. Ba a sake jin sa ba, sai Gizo aka gani yana lasar baki.

Da dare mai unguwa ya aika wa Gizo buhun shinkafa 'yar gida da goro ɗari. Da safe, tun kafin mutane su buɗe baki, farantin dama ya fara sunkuyawa.

Wani tsoho ya dogara sanda ya fito. Ya ce shi ya ga zamanin da hukuma ta san kuɗin kan kowa. Haraji a kan namiji baligi, jangali a kan saniya. In masu ƙirga sun taho, Bafulatani ya kora rabin garke cikin dawa, maigida ya ce ɗansa mai gemu bai balaga ba. Gwamna Abubakar Rimi ya soke duka biyun a 1979, lokacin Taura na cikin jihar Kano, don ba a yanki Jigawa ba sai 1991. Aka yi ta murna. "Amma fa," in ji tsoho, "saniya har gobe mai ita na ƙirga ta safe da yamma. Mu kuwa sai zaɓe ya ƙarato." Faranti ya rasa inda zai nufa, don tsohon bai biya komai ba.

Mako guda, mako biyu. Yau dama ta rinjaya, gobe hagu. Wuyan Gizo ya yi kauri. Zaki ya gaji, ya ce Gizo ya je bakin titi ranar kasuwa ya gano yadda mutane su da kansu ke yin nasu awon.

Ranar Lahadi Gizo ya tafi Gujungu, Ƙoƙi na biye da tiren ƙosai. Suka tarar ana lodin wata tirela da za ta yi kudu. An shimfiɗa yashi da ciyawa a ciki don kada shanu su zame. Kowane sa da alamar fenti a gadon baya, an ɗaure ƙahonsa a jikin ƙarfe, takardarsa na aljihun mai shi. A sama kuma, kan sandunan da aka gitta, samari ne a jere, kowa da ƙunshin kayansa a cinya, ƙafafu na reto a kan ƙahoni, ba abin riƙo sai igiya.

Gizo ya tambayi ɗan kamasho, "Shanu nawa ne?"

Bai ko duba ba ya ce, "Talatin da biyu."

"Mutane fa?"

Ya ɗaga kai ya kare rana da hannu. "Za su yi ashirin. Ko su ɗara."

Gizo ya yi tsalle don murna. Ya ce, "Ƙoƙi, ashe mutum ba nauyinsa ɗaya ba! Akwai mai takarda, akwai na kan sanda. In na gama da dabbobi sai in buɗe awon mutum da mutum, wannan kasuwa ba ta ci ta tashi ba."

Ƙoƙi ta sauke tire. Ta ce, "In awo kake so, ga Majiya nan kusa, ɗauki sikelinka ka je." Tana nufin daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, da tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki, lokacin litar fetur ta kai naira dubu. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi jana'izar da yawansu a kabari guda. Allah ya jiƙansu. Ta ce, "Je ka gaya wa iyayensu nauyin kowa."

Nan kam Gizo bai ce uffan ba. Har suka iso gida bai taɓa ƙosan ba. Amma Gizo Gizo ne, da gari ya waye yunwa ta tashe shi.

Ranar yanke hukunci aka taru tun asuba. An kwana ana raɓa. Sai ga Hawainiya ta iso. Tun ranar farko aka aika mata sammaci, yanzu ta ƙaraso. Ta hau reshen tsamiya a hankali, ta tura ido ɗaya dama, ɗaya hagu. Rana ta ɓullo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sikelin nan gemu gare shi?"

Aka duba. A ƙarƙashin kowane faranti ga siririn zare, raɓa ta jeru a kansa tana ƙyalli. Na dama ya bi ta bayan saiwa. Na hagu ya zagaya kututture. Duka biyun suka haɗu a ƙafar Gizo.

Ana cikin kallon zare, manomi da Arɗo, waɗanda mako uku ke nan ba su haɗa ido ba, suka tsinci kansu a tabarma ɗaya. Arɗo ya ce, "Wai ni kam, wa ya ba ka hanyar shanu ka noma?" Manomi ya ce, "Saya na yi, buhu biyu. Kai wa ya ce maka a buɗe take?" Arɗo ya ce, "Wanda na ba ɗan akuya." Suka juya tare.

Gizo ya ce bari ya hau ya gyara ƙugiyar sikeli. Ya kama zare, ya yi sama, ya bi reshe, ya faɗa kan danga, ya shige rufin ɗaki. Ƙoƙi ya tarar a can, ta riga ta kwashe kwanukanta tun jiya.

Zaki ya yi gurnani, ya ce a kawo shaida a sake duba ta. Kura ta je bayan kuka ta dawo da kofato biyu da wutsiya. Ta ce zafi ne ya sa ta motse. Zaki ya dubi kofato, ya dubi sikeli, ya ce magana ta yi girma, a kafa kwamiti. Aka nemi wanda zai shugabance shi. Kura ta ce tun da ita ta san shaidar ciki da waje, za ta daure. Aka miƙa mata sikeli.

Taro ya watse. Ba wanda ya tuna da masu ƙara biyun, don tun farko ba a kira su shaida ba, ba su da abin la'ada. Suka kama hanya, Saniya a gaba, tsohuwa a baya. Da suka iso bakin burtali Saniya ta tsaya tana nishi, hantsarta ta cika ta yi tauri, ba mai sha. Tsohuwa ta dube ta. Ta kwance ƙwaryar da ke ɗaure a gefen zanenta, ta tsuguna, ta fara tatsa.

Gizo na leƙe ta ramin azara. Ya zunguri matarsa ya ce, "Ƙoƙi, nonon can, wa aka biya la'adarsa?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.