Horon Sabuwar Taya

Sabuwar tayar motar gudu, irin Michelin Pilot Sport Cup 2 da ake sanya wa Porsche 911 GT3, takan fito daga masana'anta da ɗan maiƙo a jikinta, wato sinadarin da ke hana roba mannewa a mazubin ƙarfen da aka gasa ta, saboda haka ba ta kama kwalta sosai sai an lallaɓa ta na kimanin kilomita 800. Wannan ne ya sa attajirin da ya zuba maƙudan kuɗi domin gudun kilomita 300 cikin sa'a yakan shafe kwanaki yana rarrafe, babu cin taya, babu birkin gaggawa, tsofaffin akwaloli kuwa suna wuce shi suna danna masa hon.