A Ikko Duk Aboki Ne

Mu mutanen Doguwa ba a raba mu da hanya. Da an kai masara rumbu, motocin da ke ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos sai su cika da samarinmu, wasu kuma su yi Kurmi, Sabon Ibadan ko Agege. Gab da damina su dawo da sabuwar waya da ƙorafi buhu guda, su zube shi a teburin mai shayi.

"Wallahi Baba, a Ikko ba ka da suna. Kai Bazabarme ne, Babarbare ne, Banufe ne, Aboki kawai za a ce maka."

"Kai yaro ne," in ji wani dattijo. "Je ka Jos. Kakan mutum ya je haƙar kuza tun zamanin Turawa, jikansa har yau baƙo ake ce masa. A kan wane ne ɗan ƙasa aka zubar da jini a 2001. A Sudan mu ne Fallata, a Makka Takari."

Kowa ya girgiza kai, ana Allah wadai da ƙabilanci. Nan fa muka iya magana.

Amma bari Bakurme ya gifta da fartanya a kafaɗa. Kurama sun daɗe a duwatsun nan na Riruwai, Hausarsu tas, kasuwarmu ɗaya, amma yana ba da baya sai ka ji "arnen nan", ko in an so sakayawa a ce "ƙabila ne". Ya roƙi ruwa a wani gidan, akwai moɗar da aka keɓe can bayan randa, mai lanƙwasasshen hannu, ita za a miƙo masa. Bamaguje kuwa abin nasa ya fi ban dariya: ya fi mu sanin tushen Hausa, amma tunda ba ya salla, ko ya shiga coci, wai ba Bahaushe ba ne. Alhali a Zangon Kumasi, Bamoshe ya yi alwala ya gaishe ka da Hausa, shi ke nan ya zama ɗan'uwa.

Wani ɗan acaba ne ya ɓaro zancen. Ya ce a Agege su shida ne a ɗaki, biyu Kiristocin Kurama, tukunya ɗaya, tabarma ɗaya. Da aka yi rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, su ma a Agege tare suka kwana ido biyu, don mai gora ba zai tsaya tambayar masallaci kake zuwa ko coci ba.

"To, yanzu kana shiga gidajensu?"

Ya sosa ƙeya. "Haba Kawu, ai can daban, nan daban."

"Daga ina ake rabuwar?"

"Daga Kwanar Ɗangora dai gaisuwar take fara raguwa."